Yadda Za Ki Zama Alƙaliyar Faifan Kiɗan Bale Kafin Lahadi

Ke da ba ki iya bambanta sarewa da kukan butar shayi ba, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci kafin Lahadi tsofaffi masu digiri za su riƙa gyaɗa kai in kin buɗe baki. An gwada dabarar a kan wata mata a birnin Buffalo na Amurka, Bernadine Pasko, wadda ta bar makaranta a aji takwas ta shiga guga a gidan wanki. Kuma ta ci.

1. Samo miji mai tara faifai, sannan ki jira

Nata, Kazimir, direban bas ne. Shekara arba'in yana tara faifan garmaho na kiɗan bale, wato rawar dandali ta Turawa, irin na shekara ɗari da suka wuce, wanda ganguna da ƙahoni ke yi kamar ana rabon gado. Kiɗa ɗaya, faifai tara, wai kowace ƙungiyar makaɗa da irin hannunta. Duk Lahadi bayan coci abokansa biyu, Dokta Orban mai cire haƙori da Vernon tsohon malamin kiɗa, su sauka ɗakin ƙasa. Su rufe kwalin faifan da jakar takarda don kada a ga suna, su saurara, su jefa ƙuri'a. Aikin Bernadine kofi da kek.

Kazimir ya rasu a Fabrairu. Ya bar takarda: a zaɓi faifai mafi kyau ɗaya a kowane kiɗa ya zauna wa Bernadine, sauran a kai kasuwar coci. Ya ƙara layi guda, a ba ta kujerarsa da ƙuri'arsa.

Wannan matakin ya fi kowanne tsada. In kina da wata hanya, bi ta.

2. Zaɓi mafi muni, ki maƙale masa

Cikin taran nan akwai wanda aka ɗauka kai tsaye a zauren kiɗa na garin, da jama'a a zaune. Daidai inda komai ya yi tsit, sarewa ɗaya kaɗai ke magana, wani ya saki tari. Sau biyu, na biyun har da ɗan fito a wutsiya. Tun da aka fara zaman Lahadi shi ke zuwa na ƙarshe a ƙuri'a.

"Ga jakin nan ya iso," haka Dokta ke cewa kullum.

Tarin na Kazimir ne. Yana zaune a layi na goma sha ɗaya, Bernadine na gefensa, alewar tari na cikin jakarta amma ta ji tsoron ƙarar ledar. Da faifan ya fito ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Shi kuwa ba mutum ba ne mai barin saƙon murya a waya. Duk duniya wannan tarin ne kaɗai sautinsa da ya rage.

Za ki ce ta ɓoye faifan mana. Ai za su tambayi dalili. Dole sai ya ci zaɓe, kuma ƙuri'a ɗaya take nema a kan tata.

3. Gyara fuska

Rufe ido. Karkatar da kai kamar ruwa ya shiga kunnenki. Kada ki kuskura ki kaɗa ƙafa, mai kaɗa ƙafa jin daɗi yake yi, masani kuwa ba ya jin daɗi. In an ɗaga allurar garmaho, ja numfashi ki ce "To." Ki tsaya nan. Masana sun ce rabin ilimin kiɗa yana cikin wannan "To" ɗin.

4. Yi maganar girki

Bernadine ta shekara arba'in tana jin su ta ramin bututun ɗumama gida, ta gano duk kalmominsu daga kicin suka sato: ɗumi, kauri, bushewa, nauyi. Abin da za ki faɗa wa miya, faɗa wa makaɗa.

Aka sa faifan farko, wanda Dokta ke ji da shi, na wata ƙungiya a Turai.

"To," in ji ta. "Gogen ya bushe."

Dokta ya ajiye kofi. "Bushe, Bernie?"

"Kamar kazar da aka manta a tanda. Ga tsabta, babu romo."

"Shekara nawa ina gaya maka!" Vernon ya buga gwiwa. "Ni ka ce kurma ne. To ga mai kunne biyu ta faɗa."

"Kai rufe mana baki, ai na'urar kunnenka a kashe take tun bikin Ista."

"Na kashe ta ne don kai."

5. Kada ki raba faɗa, ƙara musu kek

In biyu suna gardama, duk wanda kika gyaɗa wa kai ya zama naki. Ta gyaɗa wa Vernon. Faifai na huɗu ta ce madugun makaɗan yana sauri kamar mai gudun kada bas ta bar shi. Na shida ta ce ganguna sun yi gishiri. Ba ta san abin da take nufi ba, amma Vernon ya ce ya daɗe yana neman kalmar.

Lura: kada ki yabi naki tun da wuri. Masani ba ya yabo, sai dai ya gaji da kushe.

6. In tarin ya zo, kada ki yi komai

Faifan tarin shi ne na takwas. Ta gane shi tun daga ƙarar kujeru. Ta tanadi jawabinta tun Laraba, wai faifan yana da rai, ana jin numfashin zauren. Kiɗa ya yi ƙasa. Sarewa ta fito ita kaɗai. Sai tarin, sau biyu, da ɗan fiton.

Jawabin ya gudu. Ko "To" ɗin ta kasa. Ta riƙe hannun kujerar Kazimir inda fatar ta koɗe, ta jira a ce jaki.

Ba wanda ya ce.

Dokta ya tashi da ƙyar, ya ɗaga allura, ya mayar da ita baya kaɗan. "Ban ji sarewar da kyau ba," ya ce.

Tarin ya sake zuwa.

Vernon ya kunna na'urar kunnensa. "Kullum daidai nan Kazimir ke tashi ɗauko kofi," ya ce, idonsa a kan lasifika. "Shekara arba'in. Ga kofi cike a gabansa."

"Sarewar ba laifi," in ji Dokta. "Akwai romo." Ya face hanci. "Ƙara sa mana, Vernon, kai ne kusa."

Sau biyar suka ji sarewar. Faifai na tara ba a ko cire shi daga jakar takarda ba. Ƙuri'a uku, babu hamayya.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta san kiɗa ba, daga ka ta rubuta, kuma ba ta ɗauki alhakin komai ba. In kin bi matakan aka naɗa ki alƙaliya, tsofaffi biyu suka ci gaba da cinye miki kek duk Lahadi, ruwanki. In aka tambaye ki ko sarewar nan tana da kyau, kada ki aiko gare ni. Na ji ta ya fi sau ɗari tun Fabrairu, har yau ban saurare ta ba, tarin nake jira.