Ranar da Na Wanke Sharaɗa

Ni mutum ne da ba ya sayen kaya sai ya taɓa, ba ya yarda da magana sai ya gani. Da haka na kafa sitona a unguwar Sharaɗa, ina sarin garin sabulu buhu-buhu.

Wata shekara, farkon bazara, na sa aka yaye kwanon siton don a sabunta shi kafin damina. Kafinta, Malam Idi, ya ce, "Alhaji, a rufa tamfol mana. An faɗa a rediyo akwai hadari gobe ko jibi."

Na fito na harɗe hannu a baya, na yi wa sama irin kallon da nake yi wa sabon dillali. Na ce, "Malam Idi, a gona na tashi. Ruwa a watan Maris? In ya sauka, ni zan shanye shi da cokali."

Washegari da la'asar ya sauka.

Kafin in iso, kumfa ta fito ta ƙofar sito, ta cika kwata, ta hau titi. Masu adaidaita sun yi layi suna wanke kekunansu da jarina. Wani har ya ɗago hannu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji!" Na ce amin.

Har yau da gajimare ya gilma, leburori za su ƙwala kira: "Alhaji Kumfa, mu kawo wanki?" Malam Idi kuwa, cokali kawai yake miƙo mini.