Yaƙin Barau Ɗan Jatau a Harabar Sakatariya

Bayan godiya ga Allah, wanda ya halicci baki da kunne tun kafin a ƙirƙiro fayil, wannan shi ne tarihin Barau ɗan Jatau ɗan Nagona, Sajan mai ɗaukar sandar Majalisar Kansiloli ta Ƙaramar Hukumar Gangaren Marke, jikan wanda ya kai saƙon Di'o a kan keke marar birki, ɗan wanda ya yi masinja a En'e har gwiwoyinsa suka ƙare, magajin gidan da aka shaida tun zamanin Turawa cewa ba a taɓa ba su magana ta zube a hanya ba. Barau dodon baranda, gagara mantuwa, mai takalmin da ke sallama kafin mai shi ya iso.

Ya kasance wata Talata cikin damina majalisa ta zauna, ta zaɓi sababbin shugabanninta cikin cikakken 'yanci da ikhlasi, hannuwa suka tashi sama lokaci guda kamar zare ɗaya ya ja su. Aka zaɓi Honarabul Nomau Gajere ya zama Kakaki, aka zaɓi mataimakinsa da mai tsawatarwa, har da shugaban marasa rinjaye, ko da yake duk jam'iyyarsu ɗaya.

To amma a ƙa'ida zaɓe ba ya cika sai an sanar da ɓangaren zartarwa a hukumance: Ciyaman na bisa kujerarsa, ɗan aiken majalisa na tsaye da sanda, ya jero sunaye, Ciyaman ya ce ya ji. An so a rubuta takarda, sai dai babu wuta, injin bugawa kuma ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Akawun majalisa ya ba da fatawa cewa baki ya wadatar, ya karanta wa Barau sunayen. Da ya nemi maimaitawa, Barau ya ɗaga hannu ya ce karatu na biyu cin mutuncin kakanninsa ne.

Sai ya saɓa sandar nan mai haiba, wadda aka ƙera da bututun famfo aka shafa mata ruwan zinare, ya fita yana bitar sunayen a zuci kamar mai wuridi, ya daka tsawa: "Hanya ga Majalisa!" Babu kowa a hanyar.

A gabansa tafkin harabar ya shimfiɗu, wanda ake ba da kwangilar cike shi kowace shekara, yana ƙara albarka. A bakin gaɓa rundunar agwagin maigadi ta ja daga. Bai ja da baya ba. Ya naɗe wando, ya kutsa cikin taɓo, babban toron agwagwa ya kai masa farmaki ta baya, ya kare da gindin sanda, aka yi artabun da 'yan sashen haraji suka kalla ta taga. Ya fita a ɗaya gaɓar da nasara, ya bar takalmin hagu shahidi a fagen fama, sunaye huɗu na nan daram a kansa.

A nan, ƙarƙashin dalbejiya, ya tarar da Ciyaman Alhaji Mamuda da kansa yana cin gasasshiyar masara. Ciyaman ya ce, "Barau, an gama ne?" Gwarzon ya dubi can saman kan Ciyaman ya wuce, domin a shari'ance Ciyaman da ba ya kan kujera mai cin masara ne kawai. Ciyaman ya jefar da totuwa, ya kewaya ta ƙofar baya don ya je ya zauna a sanar da shi.

Saura ƙofa ɗaya, kuma a nan ƙaddara ta yi kwanton ɓauna. Sakatariyar ofishin, Hajiya Tasalla, yayar surukarsa ce. Babu sandar da ke ɗauke wa mutum gaida ta. Barau ya durƙusa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce, "Gwaggo, ina wuni?" Ta amsa a tsanake. Ta tambayi matarsa Kande da jikinta, ta koma kan 'ya'yansa, ta tambayi Sallau, ta tambayi Tanko ko ya daina fitsarin kwance, ta tambayi Ladidi da 'yar autar, kowa da sunansa, kowa sai an amsa, sannan ta koma kan Sallau don ba ta gamsu ba.

Ya shiga. Ciyaman na kan kujera yana sakace. Barau ya dunguri ƙasa da sanda, ya buɗe muryar da ya gada, ya shelanta cewa Majalisa mai alfarma tana sanar da Zartarwa ta zaɓi Honarabul Nomau Gajere Kakaki, mataimakinsa kuma Honarabul Sallau.

Ciyaman ya cire tsinke daga baki. "Sallau naka da aka yi wa kaciya bara?"

Barau ya leƙa cikin kansa, ya tarar da Tanko da Ladidi zaune a kujerun da suka rage. Gumi ya keto masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe..."

Sai Ciyaman, cikin tausayi, ya jero masa sunayen huɗu a tsare, kowa da muƙaminsa da mazaɓarsa, ba gargada, kamar wanda aka tsara su a falonsa ranar Lahadi. Barau na maimaitawa a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai ƙarshe Ciyaman ya gyara zama, ya ce, "Na ji."

Akawu ya rubuta cewa Majalisa ta sanar da Zartarwa kamar yadda doka ta tanada. Zuriyar Jatau kuwa har yau suna kan cewa saƙon bai zube ba, riga ɗan aiken isowa kawai ya yi. Shi kuma Barau ya jingine sanda a baranda, ya ari sandar mofa ta goge ƙasa, ya koma bakin tafki neman takalminsa.