Baturen Sallau da Wutar Iska

Har yau in na tuna sai na riƙe ciki don dariya. Taubashina Sallau, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ya yi ruwa ya yi tsaki har aka sa ƙauyenmu cikin wani shiri da gwamnati ta ƙulla da wasu ƙasashen Turai, na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wai za a kafa manya-manyan fankoki a kan tudun bayan gari, iska ta riƙa juya su, mu samu lantarki, a huta da tarin janareta. Abu ɗaya ya rage, Maigari Barau ya ba da tudun. Shi kuwa tsohon nan, in kana son ganin ɓacin ransa, ambaci wuta a gabansa. An sha zuwa a yi masa alkawari, a kafa turaku, a ɗauki hoto, a kama gaba. Turakun nan yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsu. In ya ƙi, aikin ya koma garin maƙwabta, Sallau kuma ya rasa inda zai sa kansa, don ya riga ya cika gari da baki, har ya zuga surukarsa ta sayi firji.

Ranar da baƙin suka iso, zaure ya cika maƙil. Jagoransu wani dogon Bature ne da ya ɗan tsinci Hausa, kuma yana ji da ita ba kaɗan ba. Sallau ya roƙe shi ya bari a yi masa tafinta, ya ce sam. Ashe a hanya an bi da shi ta kasuwa, ya ji ana 'yan katako, 'yan lemo, 'yan kifi, sai gogan ya ɗauka ya gama gane kan harshen.

Ya tuɓe takalmi, ya zauna ya lanƙwashe ƙafa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya ce, "Ranka ya daɗe! Abokanmu masu farantin sola, 'yan rana, sun tafi wani gari. Mu da muka zo wajenka 'yan iska ne."

Liman ya tsaya da jan carbi.

Maigari ya karkato kunne ya ce, "Kuka ce ku su wane ne?"

"'Yan iska, ranka ya daɗe, dukanmu," in ji Bature, yana washe baki. "Ni gado na yi, babana ma babban ɗan iska ne a ƙasarmu. Gwamnatinku ce ta gayyato mu, ta ce nan ya fi dacewa da mu. Za mu kawo wuta, kuma ba za mu tafi ba sai mun koya wa samarinku iskanci, su ci gaba da kansu."

Ni dai na tura hula a baki, hawaye na zuba. Wani a bayana ya fita da rarrafe. Da na waiga na ga Sallau, wallahi sai ya ba ni tausayi, gumi ya jiƙe masa babbar rigar aro sharkaf. Ya zube gaban Maigari.

"Allah ya ja zamaninka, tuba muke! Ba haka yake nufi ba. Fanka ce, iskar nan mai kaɗawa... Hausar ce ba ta zauna masa ba."

Maigari ya ɗaga hannu. "Kai Sallau, rufe mana baki. Tashi ka kai su tudun."

Sallau ya zaro ido. "Ranka ya daɗe, an ba su ke nan?"

"An ba su. Shekara da shekaru 'yan iska na zuwa zauren nan suna yi mini alkawarin wuta. Waɗannan ne kaɗai suka fara da gabatar da kansu."