Ranar da Na Turara Bahar Maliya

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban manyan mutane ina yi wa Bahar Maliya kukan mutuwa, alhali tekun lafiyarsa ƙalau.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kimiyya ba, na samu aikin gwaji a wani ƙaramin ofis da ke Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda. Aikinsu shi ne, kafin kamfani ya kafa ƙarafunansa a tsakiyar teku ya haƙo mai ko gas, sai a je a duba yadda wurin yake. A ɗebo ruwa, a ɗebo laka daga ƙasan teku, a auna, a rubuta. Idan wani abu ya lalace daga baya, da wannan rahoton za a gwada a ce ga yadda aka samu wurin, ga yadda aka mayar da shi.

Ni a Jidda aka haife ni, amma iƙamata, takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta Baba take, shi kuwa ƙarfinsa ya fara ƙarewa, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a kan izinin, na ta maganar sallama. Mudir ɗinmu, shugaban ofis Abu Faisal, ya ce in rahoton da ke hannunmu ya fita lafiya zai ɗauke ni sosai, ofis ya zama kafilina. Gidanmu gaba ɗaya rahoton nan ya zuba wa ido.

Da aka ce mini aikin teku ne, na ɗauka zan riƙa tsayawa a bakin jirgi iska na kaɗa mayafina, ina kallon murjani ta cikin ruwa. (Har na tanadi baitocin da zan rubuta.) Ashe mata ba sa hawa jirgin. Maza ke zuwa su ɗebo, ni kuma a kawo mini laka a kwalabe in baza a farantai ta sha iska a sashen mata. Wanda bai taɓa shaƙar lakar ƙasan teku ba, ya tuna ruɓaɓɓen ƙwai da aka manta a mota da rani.

Warin nan ya bi ni har unguwarmu, Mahjar. Umma, wadda ke haɗa turaren wuta tana kai wa masu shaguna a Bab Makka, ta ce a unguwar kaf ba a taɓa jin 'yar mai turare tana tashi kamar kasuwar kifi ba sai a kaina. Ƙannena suka fara ja da baya in na zauna cin abinci. Wata safiya ta cusa mini kasko da gawayi da kwalbar haɗinta mafi tsada a jaka, mai sandal da farce, an jiƙa shi da mai har yana naso.

"Yalla, maza ki turara wurin nan kafin su ce haka gidanku yake," in ji ta.

Shugabar ɗakin gwajin, Daktora Ihsan, Basudaniya ce mai tsanani, amma ta tafi hutu. Ba kowa sai ni da farantaina. Na rufe taga don kada ƙamshin ya gudu, na kashe abin zuƙe iska, na ɗora kasko a tsakiyar tebur. Na ma gaya wa kaina ai farcen turare ɓawon wata dabba ce, daga teku ake samo shi, gida kawai ya dawo. Kullum sai na yi haka, har lakar ta bushe aka kai ta na'ura.

Sakamakon da ya fito ya sa na zauna na yi kuka. Na'ura ta ce lakar cike take da irin dattin da mai da hayaƙi ke bari, a wurin da ko ƙusa ba a kafa ba tukuna. Na tausaya wa kifaye. Na tausaya wa murjani. Na rubuta shafi guda a kan tekun da ke haɗiye ciwonsa bai faɗa wa kowa ba, na liƙa a gaban rahoton.

Abin da ya ɗaure mini kai, wakilin kamfanin gas ɗin da ya ba mu aikin, da ya ga sakamakon murna ya yi, har ya aiko da dabino da alewa. Sai daga baya na gane dalili: in an rubuta cewa tun asali tekun a gurɓace yake, duk abin da suka zubar gobe sai su ce haka suka tarar.

Ranar gabatarwa aka zaunar da mu mata a ƙarshen tebur. Daktora ta dawo da safiyar nan, ta karanta rahoton a tsaye, ta wuce ɗakin gwaji. Abu Faisal ya ce ni zan karanta, tunda ni na yi wahalar. Na miƙe cikin abayata da ta sha turare, na karanta lambobi, na shiga shafin makokina. Wakili na gyaɗa kai yana cewa masha Allah, kamar ana yabon ɗansa.

Ina kai wa inda teku ke haɗiye ciwo, Daktora ta shigo da kwalba ɗaya ta ragowar lakar. Ta buɗe murfin ta miƙa wa wakili, ta ce ya shaƙa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin kwalbar ta zagaya tebur, ɗakin taron ya koma ɗakin amarya.

"Na daɗe ina aikin nan," in ji Daktora, "ban taɓa ganin tekun da ke fitar da sandal ba."

Ba wanda ya nuna ni da yatsa. Hancinsu ne ya bi ƙamshin daga kwalba, ya ratsa tebur, ya tsaya a kan abayata. Abin da ya fito daga bakina (har yau in na tuna sai na rufe fuska) shi ne, "Wallahi mai kyau ne, Ummata ce ta haɗa."

Abu Faisal ya dafe kai, don sai an sake hayar jirgi an koma ɗebo laka. Wakili ya yi gyaran murya ya ce tunda an riga an buga, kuma na'ura ba ta ƙarya, me zai hana a bar lambobin yadda suke, halas, magana ta ƙare. Daktora ta dube shi ta ce sai dai ya sa hannunsa a ƙasan rahoton, ba nata ba. Ni kuma ina tsaye riƙe da makokin teku, na rasa ko zama zan yi.

Na koma gida da tabbacin an gama da ni, da iƙamar gaba ɗaya. Umma da ta ji labari, abin da ta tsinta a ciki shi ne har na'urar Turawa ta shaida ƙarfin haɗinta.

Washegari Abu Faisal ya kira ni ya ce za a mayar da kafalata ofis. Na fara godiya ina cewa ya ga ƙwazona ke nan. Ya ce, "Ya binti, 'yata, wane ƙwazo? Kin ji abin da wakilin nan ya faɗa jiya. Wanda ya ji irin wannan, ba a barinsa ya je wani ofis yana hira."

Sabuwar lakar ta iso da warinta cikakke, na'ura ta ce tsaf take, dabino bai sake zuwa ba. Tun daga lokacin na koyi cewa in abu na wari a wurin aiki, in bar shi ya yi warinsa har a gama aunawa. Wanda ya fi kowa murna da ƙamshi, shi nake fara sa wa ido.