Gwani Lienhart da Bangon da Bai Yi Karatu Ba

Duk wanda ya ce ƙasarmu Suwabiya ba ta haifi babban mutum ba, to bai taɓa ganin Gwani Lienhart yana ratsa kasuwar garinmu da hantsi ba. Riga mai gashin dila a wuya, hula a karkace, ga kamfas na tagulla, mai ƙafa biyun nan da ake zana da'ira, rataye a ɗamara inda sauran maza ke rataye wuƙa. Mu masassaƙan dutse da ke aiki a ƙarƙashinsa Uban Da'ira muke kiransa a bayan idonsa. Da labari ya kai masa sai ya ji daɗi, ya ce ashe jahilai ma sukan gane daraja.

Ta hanyar halal ya sami gwanintarsa. Ya auri matar tsohon shugaban magina wata huɗu bayan rasuwar mijin, ya gaji akwatin zane-zane da kamfas da kujerar kusa da murhu. Daga nan ya tafi Italiya neman ilimi. Ya ƙetare duwatsu, ya sauka a garin farko, man zaitun ya ɓata masa ciki, ya yi mako uku kwance a masauki, ya dawo. Amma tagar ɗakin tana kallon wani kangon Rumawa, saboda haka babu mai cewa bai yi nazari ba.

Shekara casa'in ke nan da kakanninmu suka ɗaga bangon majami'ar garin, amma ɓangaren gaba har lokacin rufin katako ne a kansa. Sai majalisar gari ta yanke a yi masa ɗaurin guga na dutse, bakuna su taso daga bango su sarƙe a sama su yi tauraro. Ta kuma yi alkawari a rubuce: wanda ya gina rufin, in ya tsaya, shi ne maginin gari har mutuwarsa, da gidan bakin gada, da itacen hunturu kowace shekara. Gwani ya riga ya je ya duba gidan, har ya nuna inda zai ajiye kujerarsa.

Yadda muka gada, kafin a sare dutse ko ɗaya sai an hau bango da igiya an auna abin da ke wurin. Sai a sauko a shata shi da cikakken girmansa a kan daɓen farar ƙasa, mutum ya durƙusa ya ja kowane baka, daga nan a yanka samfurin katako da za mu riƙa ɗorawa kan dutse muna bi. Gwani ya ce wannan aikin masu wankin daɓe ne.

"A Italiya," in ji shi, yana buɗe ƙafafun kamfas a gaban hancinmu, "magini da takarda yake magana. Murabba'i murabba'i ne, ko a Ruma ko a nan, gefe huɗu, tsawo ɗaya. Daga cikinsa tauraro yake fitowa da kansa. Ni zan ɗauki igiya in je in tambayi bango? Shi bangon, karatu ya yi?"

Endres, wakilinsa a wurin aiki, ya yi shekara talatin yana durƙuso a daɓe har gwiwoyinsa sun yi kanta. Ya sosa ƙeya ya ce, "Maigida, bangon arewa kamar ya ɗan shigo ciki. Tun zamanin kakana aka ce ƙasa ta motsa ta wajen kogi."

"Kakan naka ya je Italiya?"

"Bai je ba, Maigida."

"To. Duk wanda ya sauya mini layi ko na kaurin gashi, na kore shi, kuma zan aika sunansa duk rumfunan magina daga nan har bakin teku, kada kowa ya ba shi ko tsakuwa ya fasa."

Zanen kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Ya sa masa jan tawada da baƙi, ya kai wa matar magajin gari ta gani, ya kai wa limamin coci, ya kai gidan giya ya shimfiɗa a tebur ya hana kowa ajiye kofi. Mako biyu takardar tana yawo a gari kafin ta iso rumfarmu, mu da za mu yi aiki da ita.

Endres bai yi gardama ba. Ya jira lokacin da Gwani ke barcin bayan abincin rana, ya hau bango da igiyarsa. Gefen arewa ya gaza na kudu da taƙi biyu da rabi, kusurwa ɗaya kuma ta buɗe baki. Sai ya yi daɓe a benen rumfa, inda ba a hawa sai da tsani, ya durƙusa ya sake jan tauraron bisa bangon da Allah ya ba mu, nan ya ɗan ja ƙafa, can ya ɗan tanƙwasa. Duk hunturun nan da samfurin Endres muka yi sassaƙa. Zanen Gwani muka kafe shi a jikin ginshiƙi da ƙusa huɗu, duk safiya wani ya cire masa hula.

Gwani yakan leƙo ya shafa dutse da yatsa ɗaya. "Kun gani? Dutse ma yana yi wa ilimi biyayya. Wata rana za ku gaya wa jikokinku kun taɓa aiki da ni." Mu kuwa mu ce ƙwarai, Maigida.

Da bazara kafintoci suka kafa katakan da ke tallafe rufi kafin kwaɓi ya bushe, muka riƙa jera duwatsu a kansu. Gwani yana ƙasa yana ba da umarni da sanda. Bai taɓa hawa ba. Ya ce wanda ya riga ya ga gini a cikin kansa ba ya bukatar ganinsa da ƙafa. Matarsa dai ta ce ko kan kujera ya hau jiri yake yi.

A garinmu, ranar da za a zare katakan tallafi, wanda ya gina rufi shi ke tsayawa a ƙarƙashin dutsen tsakiya har a gama. Gwani ya sa an ɗinka masa sabuwar riga saboda ranar. Saura kwana biyu, Afra mai sayar da yadi, wadda aka ba aikin lulluɓe bangon da jan ƙyalle don bikin, ta tare shi a kasuwa.

"Gwani, wannan ɗakin naku ai a karkace yake. Na auna gefen kudu na yanka biyu daidai, na kai arewa sai ga fiye da kamu yana ja a ƙasa. Yanzu wa zai sayi guntu?"

Ya yi mata dariyar da ake yi wa yara, ya ce yadi ne ke miƙewa. Amma da muka tafi cin abinci, na dawo ɗaukar wuƙata na hango Uban Da'ira shi kaɗai a cikin majami'a, a durƙushe, da igiyar shanyar matarsa a hannu. Sau uku ya auna. Da ya miƙe, fuskarsa ta koma kalar daɓe.

Ya kira Endres gefe. "Yadda na zana kuka sare?"

Endres ya tuna 'ya'yansa shida da rumfunan magina har bakin teku. "Yadda ka zana, Maigida. Ko gashi."

Daga nan Gwani ya yi lissafi, kuma a karon farko lissafin ya fita daidai: rufi murabba'i a kan bango karkatacce, ba abin da ke riƙe da shi sai katako, kuma jibi shi ne zai tsaya a ƙarƙashi sanye da sabuwar riga. Kwana biyu bai iya haɗiye ko romo ba.

Ranar ta zo. Magajin gari da 'yan majalisa da limami da magatakarda suka jeru, jama'a suka cika fili. Gwani ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya ɗaga kamfas.

"Ranka ya daɗe, da baƙin ciki nake magana. Na gano ha'inci. Wannan rufi ba nawa ba ne. Mutumin nan Endres ya sauya zanena a ɓoye, ya bi son ransa da al'adun kakanninsa. Babu dutse ɗaya a sama da ya bi layina. Magatakarda, rubuta, ka sa kwanan wata. Ba hannuna ba ƙafata. Wanda ya gina, shi ya tsaya a ƙarƙashi."

Muka riƙa kallon juna, kowa yana neman wanda ya kai tsegumi. Endres ya tabbata tasa ta ƙare, ya cire hula ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Ni na yi." Gwani ya dube shi da mamaki, har ya ɗan tausaya masa, don bai taɓa ganin baran da ya karɓi ƙazafi da ladabi haka ba.

Endres ya taka zuwa tsakiya ya tsaya, hula a hannu. Kafintoci suka fara bugun weji, guntayen itacen da ke tokare da katakan, suna fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Katako ya yi ƙara, ƙura ta zubo masa a ka, rufin ya sauka kamar kaurin farce, ya zauna. Aka zare katako na ƙarshe, ga tauraro a sama ba abin da ke riƙe da shi sai kansa. Ni dai hawaye na yi, ban ɓoye ba. Gwani bai gani ba, don a lokacin yana can bayan rijiyar kasuwa ya toshe kunnuwa.

Da ya ji tafi maimakon rugugi, ya dawo da sassarfa yana gyara hula. "Kamar dai yadda na tsara, ranka ya daɗe. Ilimi ba ya ƙarya. Abin da na faɗa ɗazu gwaji ne irin na Italiya, don a ga..."

Magajin gari majemi ne, ba ya gane gwajin Italiya, amma yana girmama abin da aka rubuta. Ya ce magatakarda ya karanta. Aka karanta, da kwanan wata. Ya ce a ƙara, saboda na baya ba su ji ba. Kafin a buga ƙararrawar tsakar rana Endres ya zama maginin gari, mabuɗin gidan bakin gada yana hannunsa, yana jujjuya shi bai san aljihun da zai sa ba.

Gwani Lienhart ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi mana bayani a kan gini. A ciki duk, magana ɗaya ce tak ya faɗa ta zama gaskiya daga farko har ƙarshe, ita ma don ya ɗauka ƙarya yake yi.