Muhandis Ja'afaru Zai Sake Kwamfuta

Duk faɗin unguwar Rusaifa ta Makka babu wanda zamani ya aminta da shi kamar Muhandis Ja'afaru. Allah ya ba shi kai, ya kuma haɗa masa da bakin da zai sanar da jama'a hakan. Laƙabin Muhandis ɗin, wato injiniya, ba a makaranta ya samo shi ba. Wata shekara yana aikin rabon ruwa a Arfa, na'urar sanyaya wata hema ta tsaya, ya zagaya baya ya tarar filogi ne ya fita, ya mayar. Tun daga ranar ya daina amsa sallamar duk wanda ya kira shi Ja'afaru kawai.

A bayan idonsa kuwa sunansa Kira-Yanzu. Shekarun da dish ya cika saman benaye, akwai tashoshin da ba su da aiki sai talla. Wani mai fararen haƙora zai yanka takalmi da wuƙa, ya juyo ya yanka tumatir da ita, sannan ya nuna lambar waya ya ce a kira yanzu. Ja'afaru bai taɓa bari bawan Allahn nan ya faɗa sau biyu ba. Ta haka ya mallaki bel mai girgiza tumbi, wanda ya ɗaura shekara da shekaru har tumbin ya saba da girgizar ya ci gaba da harkokinsa. Ta haka ya sayi feshin rufe sanƙo, wanda zafin Makka ya narkar ranar wata Juma'a, baƙi ya gangaro masa ta bayan kunne ana tsakiyar huɗuba. Akwai injin yanka albasa da wankinsa ya fi yanka albasa goma cin lokaci. Duk ya jere su a kabad ɗin gilashi cikin majalisinsa, inda sauran mutane ke ajiye littattafai da kofunan baƙi.

"Ya jama'a, ni ba saye nake yi ba," in ji shi. "Gwaji nake yi wa al'umma. Ya'ani wani sai ya shiga gaba, sannan na baya su ga hanya."

To bana babbar mas'ala ta sauka a kan wannan jagora. Kwamfutarsa ta tsufa. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani, mutum ya dafa shayi ya sha kafin ta buɗe ido. Shin ya sayi sabuwa irinta, ko ya ƙaura zuwa ɗaya nau'in, farar nan siririya da komai nata daban yake? Shi bai kira abin canji ba. Hijira ya kira shi.

Wata takwas ana kan wannan. Kullum bayan la'asar majalisa ta zauna. Abokinsa Idris ya ce ya tsaya kan wadda hannunsa ya sani. Maƙwabcinsa Mish'al ya ce ya ƙaura, duniya ta wuce can. Ja'afaru ya saurare su da ido a lumshe, ran Asabar ya ba Idris gaskiya, ran Lahadi ya ƙwace ya miƙa wa Mish'al. Ya je shagon kwamfuta har mai shago ya daina miƙewa in ya gan shi. Yakan shafa farar, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya tambayi abin da ya tambaya makon jiya, ya ajiye.

"Mas'alar ba ƙarama ba ce, ya shaihu," yake ce wa mai shago. "In na ƙaura, rabin Rusaifa za su biyo ni. Alhakinsu yana wuyana."

Mutum ɗaya ce ba ruwanta da fara ko baƙa: ƙanwarsa Mujahida. Ita abin da ke cikin tsohuwar take so.

Mahaifiyarsu, marigayiya Hadijatu, tana yarinya aka zo da ita Makka ta ƙasa, aka baro ƙanwarta Ramlatu a Wurno wajen kaka. Ba su ƙara haɗuwa ba. Abin da ya riƙe zumuncinsu kaset ne, kamar yadda ya riƙe na gidaje da yawa a nan. Aikin hajji na ƙarewa, sai ka zauna gaban rediyo ka zuba gaisuwa da labarin shekara, ka naɗe kaset a tsumma ka ba alhajin garinku. Baɗi amsa ta zo a jakar wani. Shekarar da za ta rasu, Hadijatu ta cika kaset guda, ta ba Ja'afaru ya kai wa alhazan Wurno a unguwar Misfala. Bai kai ba. Ya ce kaset ya zama tarihi, shi zai aika saƙon ta hanyar da ta dace da matsayin gidansu. Ya kira lambar talabijin, aka kawo masa wani ɗan akwati mai wayoyi da ke juye kaset cikin kwamfuta. Ya juye, ya zuba kaset ɗin da rediyon a shara, ya ce gidansa ya fita daga jahiliyya.

Shekara goma sha uku ke nan. Saƙon bai je Wurno ba, ko Mujahida ba ta ji shi ba. Abin yana ci mata rai, kuma ni ma mai ba da labarin yana ci mini.

"Yaya, ka zuba mini muryar Ummi a wayata, ni zan aika."

"Isbiri, ya uhti, yi haƙuri, ƙanwata. Amana ba a yawo da ita a waya. Bari in yanke hukunci kan jihazi tukuna, ya'ani kwamfutar."

Ana wata ga wata. Inna Ramlatu da kanta ta sauka Makka yin umara, tana da shekara tamanin da ɗoriya, a keken guragu, kwana goma kacal gare ta. Mujahida ta same ta a masaukinsu na Misfala, suka sha kuka, tsohuwa ta shafa fuskarta tana neman kamannin yayarta. Da ta ji zancen kaset ɗin sai ta ce ba ta son tsaraba, ba ta son komai, a ba ta maganar Hadijatu ta ji kafin jirgi ya tashi ran Alhamis.

Abin nema ya samu. Hukuncin da ya gagari wata takwas, Ja'afaru ya yanke shi cikin yini ɗaya, da ya hango taro. Ya ƙaura. Mai shago ya kwashe masa komai daga tsohuwa zuwa sabuwa, ko tsinke bai salwanta ba. Ran Laraba bayan azahar aka dafa shinkafa buhari, aka kira maza kusan talatin, mata suka cika ɗakin ciki aka bar ƙofa a buɗe. Aka turo Inna Ramlatu har gaban tebur. Farar kwamfuta na zaune a kan sabon mayafi, an jona mata lasifika biyu.

Muhandis ya miƙe ya gyara ƙutura, mayafin kan nan na Larabawa.

"Inna, da ni mai gaggawa ne, da tuni kin ji saƙon nan a ruɓaɓɓen kaset mai shuu-shuu. Amma na ce la'. Muryar Ummi ba za ta fito ba sai ta jihazin da ya cancance ta. Yau za ki ji ta kamar tana zaune kusa da ke. Wannan shi ne amfanin haƙuri, shi ne kuma amfanin ilimi."

Ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke shi a hankali, ya danna.

Murya ta fito tangaran, babu shuu ko kaɗan.

"Bismillah. Ku matso, ya jama'a. Wannan ɗan akwatin da kuke gani, a duk Makka mutum biyu ne ke da shi..."

Ja'afaru ne. Ja'afarun shekara goma sha uku baya, da ƙarin kuzari. Ashe ranar juyin ma taro ya kira, ya shagala da bayani bai soka wayar a jikin rediyo ba. Makirfon da ke kan tebur ya ɗauki abin da ke ɗakin, abin da ke ɗakin kuwa shi ne. Can ƙasa-ƙasa, kamar rediyon maƙwabta, wata tsohuwa ta ce, "Ramlatu, ina gaishe ki, ina gaida..." Sai muryar Muhandis ta hau kanta: "Idris, rage rediyon nan, ba a jin bayanina."

Idris ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen kafet. A ɗakin ciki Mujahida ta toshe baki da gyale, ba wanda ya san kuka ne ko wani abin.

"Sabon nizami ne, ya'ani sabon tsari," in ji Ja'afaru, gumi na bin wuyansa. "Bai saba da tsofaffin fayil ba. Dama na faɗa wa Mish'al..." Ya tura gaba. Shi ne, yana kan injin albasa. Ya ƙara turawa. Shi ne, ya koma labarin hemar Arfa. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji Inna Ramlatu. "Mai da shi farko."

Ta sa aka matso da ita, ta kara kunne jikin lasifika. Awa guda cur ta yi a haka, shinkafa na hucewa, maza talatin na sauraron laccar da wasunsu suka riga suka sha. Duk inda Ja'afarun cikin na'ura ya tsaya kurɓar shayi, sai Hadijatu ta leƙo da kalma uku ko huɗu. Tsohuwa ta tsinci sunanta sau biyar. Ta tsinci sunan wata rijiya a Wurno, ta yi murmushi, hawaye ya bi kuncinta. Abin tausayi ne, kuma kowa a ɗakin ya ji kunyarsa.

Dab da ƙarshe aka yi wata doguwar kurɓa, murya ta fito sarai: "Kaset ɗin ga na ba Ja'afaru shi aiko maki. Yaro ne mai..." Sai bayanin bel ɗin tumbi ya rufe sauran.

Nan Muhandis ya farfaɗo. Ya mayar baya ya ƙara sauti. Ya sake mayarwa. Sau huɗu yana kasa kunne, abin da bai yi wa kaset ɗin ba tun da aka damƙa masa shi, yana son jama'a su ji irin yabon da uwa ta yi.

Inna Ramlatu ta share ido da bakin mayafi, ta dafa hannunsa.

"Bar wahal da kanka, ɗana. Abin da ba ta samu ta ƙare ba, kai ka cika muna shi."