Kujerar Gindin Darbejiya

"Lafiya lau, tsoho. Ina gajiya? Ko da yake wanda aka lallasa sau uku ba gajiya ce ke damunsa ba."

Naja'atu ce, jikar Malam Ashiru. Yanzu adaidaita sahu ya sauke ta daga Tarauni, da fararen kayanta na makarantar jinya, da allon ces a hammata. La'asar ta yi sanyi a Gyadi-Gyadi, inuwar darbejiya ta miƙe har bakin titi. Kakan nata na kishingiɗe a kujerarsa ta katako. Shekara talatin babu mai zama a kanta sai shi, domin duk layin ba a taɓa cinsa a dara ba. Sai da maƙwabcinsa Malam Istifanus, tsohon malamin makaranta, ya kawo wannan dara ta Turawa, ya kayar da shi sau uku. Cikin zafin rai Malam Ashiru ya yi alkawari a gaban 'yan majalisa: in aka sake cinsa ran Asabar, kujerar ta zama ta Istifanus.

Ya ce shi ba don koyo ya aika a kira ta ba, so yake ya ga ko amaryar tasa tana nan da muninta. Ta ce ango mai haƙori huɗu ba shi da bakin zaɓe. Ta shimfiɗa allon.

Da ta nuna masa tsallen doki, ya ce dokin da ke tafiya a karkace asibitinsu ya kamata a kai shi. Ta ce ya fara tura sojojin tsakiya, ya fito da dawakai, ya bar sarauniya a gida tukuna. Kuma kafin ya taɓa komai, ya tambayi kansa me abokin wasa ke shirin ci. Ya ce tun ba a haifi ubanta ba yake karanta zukatan maza a kan rairayi.

Suka fara. Tsoho ya tura soja, ya tura na biyu, ya tura na uku kusa da su. Sai ya miƙa hannu a natse, ya ɗauke sarauniyarta ya jefa a aljihu.

"Kaka, mene ne haka?"

"Uku a jere. Na ci."

"Ai tun farko takwas ne a jere. Me ya hana ka kwashe allon gaba ɗaya?"

"Jahila. Abin da ya wuce uku ba ya ci. Kowane yaro ya san wannan."

Ta tambaye shi ko haka ya yi wa Malam Istifanus. Ya amsa a hankali cewa sau biyu ne kawai, kuma mutumin ya yi dariya har tabarau ya faɗi.

Ko babu sarauniya, ba ta daɗe ba ta ritsa sarkinsa a lungu. Ta mayar da 'ya'yan baya ɗaya bayan ɗaya, ta sa shi ya nemo da kansa inda ya ɓata. Ta ce haka ake koyo: a ci ka, ka koma ka duba, a sake cin ka, har sau ɗari.

"Ɗari? Asabar fa jibi ce."

Ya shafa hannun kujerar inda tafinsa ya goge katakon har yana sheƙi. Can sai ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da hularsa.

"Zauna, mummuna. Kyautar ango ce. In Istifanus ya zo, sai in ce masa kujera ta yi sabuwar uwar ɗaki, ya kara da ita."

Dariya ta ƙwace mata. Ta haye kujerar ta harɗe ƙafa, ta nuna masa tabarma.

"To ɗalibi, fito min da sarauniyata daga aljihu. Saura casa'in da tara."